Shafe Goma Sha Biyu

A Maiurno, bayan rumfar masu kifi,
inda danshin Nilu ke shigowa ta hujin kwano,
na ɗaure guntun bagaruwa a bakin inji.
Bai kai taƙi ba.
Ya kama juyi kamar mazari a hannun kakata.

Haulatu ungozoma ce mai shi.
Ta ce, "Tukur, hannuna kullum a sabulu da ruwan zafi.
Wanda ka ba ni da azumi
ya koɗe kafin layya.
Yi min alƙalamin da zai jure ni."
Na ce to.
To ba ta da nauyi a baki.

Sassaƙa ba ita ce aikin ba.
Ko Ɗan'asabe, yaron shago,
ya iya fitar da wuya da ƙugu.
Aikin na farawa in an ajiye ƙarfe:
sandfefa mai kaushi, sai mai dama-dama,
sai mai laushin kunnen ɗan akuya.
In kashe inji, in bi tsawon itacen da hannu,
don ƙyalli ba ya rufa wa zane asiri,
tona shi yake yi.

Sannan gam ɗin nan mai kama yatsa.
Ɗigo uku a tsumma,
shafa ɗaya daga kai zuwa gindi, ba komowa.
Warinsa ya soki ido,
hawaye ya zo, ba mutuwa aka yi ba.
A jira.
Ɗigo uku. A jira.

A shafe na bakwai aka ɗauke wuta.
Hadari ya taso ta wajen Sinja,
inji ya yi tari ya tsaya,
ruwa ya kwana yana dukan kwano.
Da safe na tarar da shi ya yi yana,
fari fat, kamar idon tsohon da ya daina gane jikoki.

Ɗan'asabe ya ce, "A ƙara a kai mana, wa zai gani?"
Na ce, matar da ke gane jariri ba lafiya
tun bai buɗe baki ba?
Na kankare duka.
Kwana biyu suka zube ƙasa, sun zama gari.

A rumfar nan babana ke fiƙe alƙalamin kara.
Bai taɓa shafa masa komai ba.
Yatsun masu rubutu ke ba shi sheƙi,
shekara bisa shekara, gumi da tawada.
Ni kuwa sheƙin nake sayarwa
tun ba a rubuta ko bisimilla ba.
Wani lokaci abin kan tsaya min a rai.
Ba kullum ba.

Na sake daga ɗaya.
Na toshe hujin kwano da buhu,
na hana Ɗan'asabe ko atishawa.
Tara. Goma. Sha biyu.
Na jiƙa sandfefa na lallashe shi,
na bi da man gogi a tsohon rawani,
har jan bagaruwa ya nutse can ƙasa
kamar tsakuwa a ruwan da ya kwanta.
Na leƙa, na ga taga a jikinsa,
na ga giɓina.

Ran Laraba ta zo.
Ba ta dubi ƙyallin ba.
Ta ja layi a bayan rasit, ta ce yana rubutu,
ta jefa shi jaka
cikin almakashi da zare da makullai.
Na ji ƙarar a haƙorina.

Sai bayan an cire dawa ta biyo, wasa almakashi.
Na ce, mu gani.
Ƙarzuwa ɗaya kusa da murfi,
sauran na nan yana ɗaukar ido.
Ta ce, "Suna arba'in da ɗaya ya rubuta.
Na ƙarshe 'ya mace, a cikin kwalekwale,
da fitilar waya."

Na miƙa hannu zan goge ƙarzuwar.
Ta riga ni.
Ta ce, "Bar ta, ta daren nan ce,"
ta soke shi a bakin mayafi,
ta tafi ba ta jira canji ba.